Wa Ka Karɓawa?

A zauren wani tsoho a Kagara ta ƙasar Goronyo akwai abubuwa biyu rataye a bango guda. Na farko takardar yabo ce cikin gilashi, wadda wata ƙungiya ta miƙa masa a wani taro a birnin Sakkwato, an rubuta ta da Ingilishi, an kuma kuskure sunan mahaifinsa. Na biyu kalangu ne cikin jakar fata da ta sha jiki. Duk baƙon da ya shigo takardar yake fara duba, domin ita ce mai ƙyalli. Shi kuwa mai zauren bai taɓa neman a karanta masa ita ba tun ranar da aka ba shi. Kalangun yake saukewa kowace safiyar Juma'a, ya kakkaɓe shi, ya matsa tsarkiya a hammata ya ji ko ta saki, sannan ya mayar da shi inda yake ba tare da ya ɗora masa makaɗi ba.

Takardar ta kira shi mawaƙi, alhali bai taɓa kiran kansa haka ba. Ɗan amshi ne. Tun yana saurayi har furfura ta kama shi, aikinsa tsayawa bayan wani mutum yana karɓa masa. Ubangidan nasa makaɗin noma ne da dambe, sananne daga Kagara zuwa Wurno, daga Wurno zuwa Raba da Gandi, amma sunansa bai taɓa haye gulbin Rima ya isa gidan rediyo ba. Da damina su bi gayya daga gona zuwa gona da gangar noma, da kaka su ɗauki kalangu su bi filayen dambe. Ƙasar ba baƙuwar irin wannan kiɗa ba ce. Daga ƙasar Gandi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya fito, wanda ya waƙe Shago har sunan ɗan damben ya zama abin misali a bakin mutanen da ba su taɓa taka filin dambe ba. Tsohon ya taɓa ganin Ɗan Anace sau ɗaya yana yaro, daga kan reshen wata bishiya da ya hau saboda cunkoso, kuma abin da ya riƙe daga ranar har yau shi ne yadda mutanen da ke bayansa suke shigowa da amshi kamar da baki ɗaya.

Wanda bai san aikin ba yana ɗauka ɗan amshi aku ne, maimaici kawai yake yi. Masu nazarin waƙar baka sun daɗe da nuna ba haka ba ne. Jagora yakan jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su mayar da shi ga gindin waƙar, wani lokaci su yi masa ƙari, wani lokaci su yi ta karɓeɓeniya har ba a iya rabe inda maganar jagora ta tsaya da inda tasu ta soma. Idan ya manta, su ne masu tuna masa ba tare da jama'a sun farga ba. Idan numfashinsa ya yanke, su riƙe masa waƙar har ya dawo. Su ne taskarsa, domin waƙar da ba a rubuta ba a ƙirjinsu take kwana. Nan ne kuma makarantar: Musa Ɗankwairo kansa ya daɗe yana bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Duk da haka, ana iya samun mutum ya haddace waƙoƙin Narambaɗa ko na Sa'idu Faru tun daga farko har ƙarshe, a tambaye shi sunan mutum ɗaya daga cikin masu karɓa musu ya yi shiru. Rabin abin da kunnensa yake sha'awa a cikin faifan muryar waɗannan marasa suna ce.

Haka abin yake ta ɓangaren masu ba da kyauta. An san iyayen gidan manyan makaɗa domin sunayensu suna cikin waƙoƙin. Ba a ambatar Ibrahim Narambaɗa a manta da Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko Salihu Jankiɗi a manta da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ko Ɗankwairo a manta da Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Raba. Sun ba da doki da riga da gida, aka saka musu da abin da ya fi doki daɗewa. Amma makaɗin ƙauye ba da doki yake rayuwa ba. Abin da ya riƙe ƙungiyar da tsohon nan ya yi wa amshi ƙananan abubuwa ne masu zuwa a kan kari. Akwai mahaucin da kan keɓe fatar ɗan akuya mai laushi idan ya samu, ya aika a yi samfara, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, domin a ganinsa kalangu kayan mahauta ne tun asali, kuma abin kunya ne kalangun garinsu ya fashe yana raye. Akwai wata mai fura da ba ta taɓa bari su fita gari da ciki wayam ba. Akwai kuma manomin albasa da tafarnuwa, wanda yanzu ake kira Alhaji, wanda labarin tsohon ba ya cika sai da nasa.

Sun haɗu ne a gayyar gonar mahaifin manomin, lokacin shi manomin bai yi aure ba. Aka yi masa taken noma a ranar, ya ja kuyya har ya bar sa'o'insa a baya, kuma tun daga nan bai sake barin makaɗan ba. Kowace kaka damin gero yana isa gidan ubangidan da gidan ɗan amshin, kowane rani a kai musu albasa daga fadama. Ba attajiri ba ne. A shekarar da albasa ta faɗi, damin yakan ƙanƙance, amma bai taɓa fashi ba. A shekarun 1980, a wata tafiya da ya raka lodin albasa Kudu, ya sayo rediyo mai kaset. Wani dare bayan girbi ya tara makaɗan a ƙofar gidansa, ya sa sababbin batura, ya ɗauki muryarsu har kusan asuba. Kaset ɗin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ya naɗe su cikin tsumma ya sa a akwati tare da takardun gona. Bayan ubangidan ya rasu, sai ya zama a duk duniya nan kaɗai muryarsa ta rage, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara manomin yakan kira tsohon su zauna su saurara, su yi wa mamacin addu'a, a mayar da kaset cikin tsumma.

An kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, ta kawo noman rani mai yawa, ta kuma sa garuruwan da ke kusa da gulbin suka zauna da ruwa a bisa kansu. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi ambaliya a kwarin Rima, Kagara tana cikin garuruwan da ya ci. Gidajen ƙasa suka narke, rumbuna suka tafi da abin da ke cikinsu. Tsohon ya fita da iyalinsa da kalangun a wuya. Manomin ya fita da iyalinsa da awaki biyu. Akwatin sai bayan ruwa ya janye aka tono shi daga laka, kaset ɗin sun cika da taɓo, zaren ya manne. An kai wa wani mai gyaran rediyo, ya juya su ya ce a haƙura. A cikin asarar da aka yi a wannan shekara ba wanda zai tsaya kukan kaset, su ma ba su yi ba. Sai dai daga ranar, waƙoƙin da ubangidan ya yi wa manoman Kagara da 'yan damben Goronyo da Wurno sun koma wuri ɗaya tak, wato ƙirjin mutumin da bai taɓa jan waƙa da kansa ba.

Sauƙi ne a ɗora wa 'yan bindiga laifin shirun da ya biyo baya, kuma suna da babban kaso. Tun da hare-hare suka yawaita a gabashin Sakkwato, taron dare ya zama kasada, kuma bayan kisan da aka yi a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 mutane da yawa sun daina ganin taro a matsayin wurin nishaɗi. Makaɗin da sana'arsa yawo ce daga gari zuwa gari ba ya da abin yi idan hanya ta zama abin tsoro. Amma gaskiya ita ce kiɗan ya fara rasa filinsa tun kafin wannan. Gayya ta ja baya da ƙwadago da maganin feshi suka shigo, domin gonar da aka fesa ba ta bukatar samari talatin, balle mai yi musu kiɗa. Biki ya koma hannun mai lasifika da janareta. Sannan akwai tsohuwar magana ta matsayin makaɗi, wadda ba ta taɓa kwantawa ba a ƙasar da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, a Wurno inda ya rasu a 1837. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan kiɗa, sun hana wani sun sassauta a kan wani, amma abin da ya sauko ga jama'a shi ne a ji daɗin makaɗi a fili, a yi jinkirin ba shi 'ya. 'Ya'yan tsohon sun ga wannan da idonsu. Babban yana kabu-kabu a Sakkwato, na biyun yana awon hatsi, kuma mahaifinsu bai taɓa ganin laifinsu ba.

Ana cikin haka aka zo da mota aka ɗauke shi zuwa taron karramawa. Ba za a ce masu taron ba su yi abin kirki ba. Sun tuna da shi a lokacin da ba wanda ya tuna, sun ɗinka masa riga, sun zaunar da shi a kujerar gaba. An yi jawabai masu tsawo. Da aka zo ƙarshe aka ce ya ɗan taɓa wani abu na minti biyar, domin babban baƙo yana sauri. Ya tsaya da kalangu a hammata a gaban na'urar magana, ya duba dama da hagu, ba kowa a bayansa. Ya kaɗa taken wani ɗan dambe da ya daɗe da rasuwa, aka tafa, ya zauna. Manomin da ya rako shi yana can baya a tsaye kusa da ƙofa, domin sunansa ba ya cikin takardar gayyata, kuma a tsarin taron ba a tanadi wani yabo ga mai ba da damin gero ba.

Ɗaya daga cikin masu jawabi a ranar ya ce irin wannan kiɗa shi ne kakan kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, aka yi ta tafi. Maganar tana da tushe, ko da yake an faɗaɗa ta. Wani Bature ɗan Ingila, Paul Oliver, ya rubuta a 1970 cewa asalin bulus ya fi kusa da kiɗan ƙasashen da ke gefen Sahara fiye da kiɗan gangunan bakin teku, kuma Gerhard Kubik ya zurfafa wannan bincike a littafinsa na 1999, inda ya sa ƙasar Hausa cikin yankin da ya nuna. Sai dai hujjarsu ta fi karkata ga kayan tsirkiya irin su goge da gurmi da molo, da yadda mawaƙi guda yake lanƙwasa murya, ba ga kalangun dambe ba. Ban da haka, kiɗan Kagara ba ya bukatar jika a Amurka kafin ya cancanci a saurare shi. Idan akwai abin ɗauka daga tarihin bulus, yana wani wuri dabam. A 1941 Alan Lomax ya ɗauki na'ura mai nauyi a mota ya shiga gonakin auduga na Misisifi, ya sami wani ma'aikacin gona da ake kira Muddy Waters, ya ɗauki muryarsa a gidansa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Mutumin ya sha faɗa daga baya cewa jin muryarsa da ya yi tana fitowa daga na'urar shi ya tabbatar masa zai iya. Ba a kira shi birni aka ba shi takarda ba. An je inda yake, aka zauna, aka ba shi lokaci.

A nan gida ma an yi aiki, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba a yi ba. Gidan rediyon Kaduna, tun daga 1962, da gidan rediyon Rima a Sakkwato sun adana muryoyin da da yanzu babu su. Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gari-gari ya tattara tarihinsu da matanin waƙoƙinsu, Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009, ɗalibai kuma sun cika kantocin sassan Hausa da kundaye. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa yana raye. A Nijar an sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa. Amma idan aka duba da kyau, yawancin wannan ƙoƙari ya bi sawun waɗanda rediyo ya riga ya kama. Ɗalibi yakan zaɓi mawaƙin da zai samu faifansa a kasuwa, domin shi ya fi sauƙin juya, sai a wayi gari an yi kundi na ashirin a kan makaɗi ɗaya, alhali makaɗin da ya yi shekara arba'in yana waƙe manoman gari guda bai samu ko shafi ba. Waƙoƙinsa kuwa cike suke da abin da ba a rubuta a ko'ina ba: wane ne ya fara noman fadama kaza, wace shekara fara ta zo, wane gida ne ya ciyar da gari a lokacin yunwa, wane ɗan dambe ne ya faɗi a Raba ya rama a Wurno.

Abin da ya faru bayan taron ba wata hukuma ce ta shirya shi ba. Tsohon yana da jika da ke zama a Goronyo, yana aiki a rumfar cajin waya, inda ake tura wa mutane waƙoƙi a katin waya. Yaron ya fi son waƙoƙin fiyano na zamani, amma ya lura direbobi da dattawa kullum Ɗan Anace da Ɗankwairo suke nema, kuma suna biya. Ya zo Kagara wata ranar da ba kasuwa, da waya da ƙaramin baturin caji, ya ce wa kakansa cikin wasan jika da kaka ya zo ya kwashe abin da ke cikin tsohon tulu kafin ya fashe. Tsohon ya zage shi zagin wasa, ya ƙi. Sai da manomin ya sa baki, ya aika aka sayo fata, aka sake samfarar kalangun, aka bar shi ya sha rana kwana biyu.

Suka zauna a zaure da hantsi, domin yanzu ba a kiɗan dare. Tsohon ya rataya kalangu, ya kaɗa, hannun ya tuna abin da ya sani. Ya buɗe baki ya jefa ɗan waƙa na farko, irin yadda ubangidansa yake jefawa, muryar tana rawa amma tana kan hanya. Da ya kai inda amshi yake shigowa sai ya tsaya. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Shekara da shekaru bakinsa ya saba da jiran wannan gurbi domin ya cike shi, yanzu kuma shi ne mai barin gurbin, ba kuma wanda zai shiga.

Manomin ya ce, "Makaɗa, mi yah hana ka ci gaba?"

Ya ce, "Alhaji, ni ɗan amshi na. In na jefa, wa ka karɓawa?"

Aka yi shiru. Jikan ya duba wayarsa. Shi bai san waƙar ba, kuma waɗanda suka san ta, ɗaya ya rasu, ɗaya ya yi gudun hijira zuwa wajen 'yarsa a birni. Manomin ya gyara zama a kan tabarma, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Jefa, Makaɗa. Shekara nawa ina jin wagga waƙa?"

"Kai da kanka, Alhaji? Mutane su ce mi?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Jefa."

Wanda ya san ƙasar ya san nauyin wannan. Mutum ne mai jikoki, mai sahun gaba a masallaci, wanda duk rayuwarsa matsayinsa a wajen kiɗa shi ne na mai miƙa kyauta daga inda yake zaune. Ba a taɓa jin muryarsa a waƙa ba, kuma da aka ji ta ba mai daɗi ba ce, ta yi kauri, tana kuma saurin gajiya. Amma kalmomin suna nan cif, har da wani ƙari da tsohon kansa ya manta, wanda manomin ya riƙe tun daga kaset ɗin da ruwa ya ci. Suka yi waƙar farko, suka shiga ta biyu. Yara suka taru a bakin zaure. Wata tsohuwa daga cikin gida ta leƙo ta faɗi sunan wani manomi da aka tsallake, aka koma aka sa shi.

Da azahar ta gabato jikan ya ce a tsaya a ji abin da aka ɗauka. Ya ɗora wayar a tsakiyar tabarma. Tsohon ya sunkuyar da kai yana saurare, bai ce komai ba har waƙar farko ta ƙare, yatsunsa kawai suke motsi a kan tsarkiya. Rabonsa da jin muryarsa daga na'ura tun kafin ambaliya, kuma a wancan lokaci daga baya take fitowa, a ƙarƙashin ta wani. Yaron ya tambaye shi sunan da za a sa wa waƙar a katin, ya ce a sa sunan ubangidansa, a sa nasa, a sa na Alhaji. Manomin ya ce a cire nasa. Tsohon ya ce ba a cirewa.

Sannan ya ɗago ya dubi manomin. "Amma ga ɗa na ukku ka makara, Alhaji. Ba a jiran in rufe baki, kan in rufe aka shiga."

Jikan ya ce caji ya kusa ƙarewa, kuma yana son ya kama hanyar Goronyo kafin la'asar ta yi sanyi. Tsohon ya matsa kalangu a hammata, ya ɗauki makaɗi.

"To a sake ta tun daga farko."